Tambayoyinku Kan Fasaha: Haɗa Rassa da Rumbun Bayanai Ba Tare da An Bar Ƙofa a Buɗe Ba

Wasiƙun wannan karon kusan duk daga masu rubuta manhaja suka zo, da masu kula da kwamfutocin kamfanoni a arewacin Kamaru da Chadi. Abu guda ya yi ta dawowa a cikinsu. Rezo ya yi gardama ko wuta ta ɗauke, aiki ya tsaya, mai gida ya ɗaga murya, sai a kashe wani matakin tsaro don a samu a wuce wurin, daga nan kuma babu mai sake kunna shi. Sau da yawa abin da ya jawo kashewar gyaran layi biyu ko uku ne. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da kwamfutocin wani Alhaji mai sayar da kaya a sari a Garwa, yana da rassa a Marwa da Kusuri. Rumbun bayananmu PostgreSQL ne, yana kan saba, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, a ofishin Garwa. Don rassan su samu shiga na buɗe ƙofa mai lamba 5432 a kan rawuta. Wani ya ce in mayar da ita 54320 don kada ɓarayin intanet su gane. Hakan ya wadatar? (Daga Garwa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai wadatar ba, ka rufe ƙofar tun yau. Akwai na'urorin da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya suna ƙwanƙwasawa. Ƙofofin TCP 65535 ne kacal, manhaja irin masscan tana ratsa su cikin ɗan lokaci, kuma da ƙofa ta amsa, salon amsarta ya isa ya nuna abin da ke bayanta. Shafin Shodan ma tara irin waɗannan yake yi ya jera wa mai nema. Haɗarin kuma bai tsaya ga lissafin Alhaji ba. Wanda ya shiga da babban asusun postgres yana iya amfani da umarnin COPY FROM PROGRAM ya gudanar da abin da ya ga dama a kan na'urar kanta. Galibi manhajar haƙar kuɗin kirifto suke dasawa, sai ka ga saba ta yi nauyi, fanka na ta ƙara, kai kana ɗora laifin a kan zafin watan Afrilu.

Rumbun ya daina fuskantar intanet gaba ɗaya, rassan su riƙa isa gare shi ta ɓoyayyen bututu, wato hanyar sirri a cikin intanet da masu mabuɗi kaɗai ke iya bi. Ga harka irin taku WireGuard muka fi so. Yana cikin ƙwayar Linux tun sigar 5.6 ta shekarar 2020, akwai shi a Windows da Android, rawutocin MikroTik masu RouterOS 7 ma suna ɗauke da shi. Ya dace da yankinmu don bai damu ba in adireshin reshe ya sauya: modem ɗin Kusuri ya mutu ya tashi da sabon adireshi, ko a cire wannan sim a sa wancan, bututun zai ci gaba da aikinsa. Ba ya kuma amsa wa wanda ba shi da mabuɗi, mai ƙwanƙwasawa ba zai ma san akwai wani abu a wurin ba.

Kowace na'ura ta ƙirƙiri mabuɗanta biyu da wg genkey da wg pubkey. Na sirri ya zauna a kanta, na fili kaɗai za a aiko Garwa. Kada ka yi mabuɗi ɗaya ka raba wa rassa ta WhatsApp, domin ranar da aka sace kwamfutar wani reshe layi ɗaya kake so ka goge, ba ka sake gina komai daga tushe ba. Ba sabar Garwa adireshin 10.20.0.1, Marwa 10.20.0.2, Kusuri 10.20.0.3. A rawutar Garwa ƙofa ɗaya tak za ka buɗe, UDP 51820. A gefen saba, AllowedIPs na kowane reshe ya zama adireshinsa kaɗai da /32 a ƙarshe. A gefen reshe ka sa 10.20.0.1/32, ba 0.0.0.0/0 ba, in ba haka ba duk bidiyon da yaron shagon Marwa ya kalla ta layin Garwa zai bi.

Layuka biyu ake yawan mantawa da su, kuma su ne ke sa mutane su ce bututu ba ya aiki a ƙasarmu su koma buɗe ƙofa. Na farko PersistentKeepalive = 25 a gefen reshe. Kamfanonin waya suna tara masu sim da yawa a bayan adireshi ɗaya, idan layinka ya yi shiru na ɗan lokaci sai na'urarsu ta manta da hanyar komawa gare ka. Ɗan saƙon da ke fita duk daƙiƙa 25 shi ke tuna mata. Na biyu MTU, wato girman ƙunshin da ke wucewa. WireGuard kan ɗauki 1420 da kansa, wasu layukan waya kuwa ba sa iya ɗaukar hakan. Alamar ba ta ɓuya: ping yana tafiya, ana shiga manhaja lafiya, amma da an nemi rahoton wata guda sai allo ya tsaya cak. Rubuta MTU = 1280 a ɓangarorin biyu ka sake gwadawa.

Sai rumbun kansa. A postgresql.conf, listen_addresses ya ƙunshi localhost da 10.20.0.1 da adireshin cikin ofis kawai, ban da alamar tauraro (*) mai nufin kowane adireshi. A pg_hba.conf kowane reshe da layinsa da asusunsa, misali hostssl kasuwa reshe_marwa 10.20.0.2/32 scram-sha-256. Ka goge duk layin da ke ɗauke da 0.0.0.0/0 ko kalmar trust. Tunda ƙofar ta jima a buɗe, sauya kalmomin sirri duka, ka buga \du ka ga ko akwai asusun da ba ku kuka yi ba, ka kuma leƙa crontab na mai amfani postgres.

Ga masu karatun da babban ofishinsu ba shi da adireshin fili: ku duba adireshin da rawuta ta samu daga kamfani, in ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 ko ya fara da 10, buɗe ƙofa ba zai yi muku amfani ba, sai dai a yi hayar ƙaramar saba ta zama mahaɗa. Mun fi son a same ta a Duwala ko Yawunde a kan Faransa. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har da WACS da SAT-3 da Kamaru ke amfani da su, wanda mahaɗarsa ke Turai ya ji a jikinsa, alhali nisan Garwa da Marwa kilomita ɗari biyu da ɗoriya ne. Ku kuma sani cewa a kan mahaɗar bututu yake buɗewa kafin ya sake rufewa, shi ya sa muka rubuta hostssl ko da ana cikin bututu.

Tambaya: Ni ce ke kula da lissafi da kwamfutoci a wata ƙungiya a Njamena. Mun sabunta direban ODBC, wato manhajar da ke haɗa kwamfutocinmu da rumbun SQL Server, zuwa na 18, sai Excel da manhajar lissafinmu suka ƙi haɗuwa, wai ba su amince da wanda ya ba da takardar shaidar saba ba. Wanda ya kafa mana tsarin ya ƙara TrustServerCertificate=yes, komai ya dawo daidai. Ya ce ai bayanan a ɓoye suke tafiya. Gaskiya ne? (Daga Njamena)

Amsa: Rabin gaskiya ce, Malama. TLS, tsarin da ke kare saƙo tsakanin kwamfuta da saba, aiki biyu yake yi: ya ɓoye saƙo, ya kuma tabbatar da wanda ake miƙa wa saƙon. Wannan saitin ya bar na farko ya kashe na biyu. Kamar ki liƙe ambulan ɗin kuɗi da kyau ne, ki je tasha ki miƙa wa duk wanda ya ce shi ne direban Mundu ba ki tambayi kowa ba. Duk wanda ya samu shiga Wi-Fi ɗin ofis yana iya tsayawa tsakaninku da saba, ya nuna tasa takardar, direban ya karɓa, shi kuma ya karanta abin da ke wucewa, ya ma sauya in ya so.

Direban bai lalace ba. Daga siga ta 18, wadda ta fito a 2022, Microsoft ta mayar da Encrypt=yes ya zama kunnanne tun asali. SQL Server kuwa, in ba a ba shi takarda ba, yakan yi wa kansa guda ya sa mata hannu da kansa, ita ce direban ya ƙi. Ki ce da mai tsarin ya yi muku ƙaramar hukumar ba da shaida ta cikin gida da OpenSSL ko step-ca, ya fitar wa saba takarda mai ɗauke da cikakken sunanta a filin SAN, inda ake jera sunayen saba. Ya ɗora ta ta SQL Server Configuration Manager, ya kunna Force Encryption, ya ba asusun da ke gudanar da SQL Server izinin karanta mabuɗin sirrin takardar. In aka tsallake wannan, rumbun ƙin tashi yake yi. Tushen hukumar kuma a shigar da shi cikin amintattun tushe na kowace kwamfuta ta certlm.msc, sannan a goge wancan saitin. Kuskuren da zai biyo baya mun san shi: za a ce suna bai dace ba, saboda ana kiran saba da lambar IP alhali suna ke kan takarda. A kira ta da sunan, ko a sa HostNameInCertificate.

Masu PostgreSQL ba su tsira ba. Saitin asali sslmode=prefer ne, wanda in bai samu TLS ba zai wuce a fili ba tare da ya ce uffan ba. Na require yana ɓoyewa amma ba ya bin diddigin suna. Wanda ake so verify-full ne tare da sslrootcert. A MySQL sunansa VERIFY_IDENTITY.

Tambaya: Duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kwamfutar reshenmu sai ta ƙi haɗuwa da komai, ta ce takardar shaida ba ta fara aiki ba, bututun WireGuard ma ya yi shiru. Me ya haɗa wuta da wannan? (Daga Ngaundare)

Amsa: Agogo ne, ɗan'uwa. Dubi kwanan watan da kwamfutar ke nunawa, za ka tarar ta koma shekarun baya. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, na'urar da ke ganin ana 2010 kuwa dole ta ƙi takardar bana. WireGuard shi ma yana sa lokaci a gaisuwarsa, saba tana riƙe da lokaci mafi girma da ta taɓa gani daga kowane reshe, duk gaisuwar da ta zo da lokacin da bai kai wannan ba sai ta yar da ita shiru, don kada wani ya naɗi tsohuwar gaisuwa ya sake aikowa. Sauya ɗan batirin CR2032 da ke kan allon kwamfutar. Ƙananan rawutoci da yawancin Raspberry Pi ba su da batirin agogo sam, sai an saita musu NTP, tsarin karɓo lokaci daga intanet, wanda ke bi ta UDP 123. Ka tabbata NTP da DNS, mai fassara suna zuwa adireshi, ba ta cikin bututun suke bi ba, don bututun ba zai tashi ba sai agogo ya daidaita. A Linux sa chrony da layin makestep 1 3, yankin lokaci kuma Africa/Douala ko Africa/Ndjamena. Lambobin shiga masu sauyawa duk daƙiƙa 30 su ma da agogon suke tafiya.

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai koyon rubuta manhaja. Wani dillalin albasa ya ba ni aikin manhajar Android da yaransa za su riƙa rubuta buhunan da suka saya a ƙauyukan Mokolo da Mora. Na sa manhajar tana haɗuwa da MySQL kai tsaye, kalmar sirrin tana cikin lambobin manhajar, ba wanda zai gani. Matsalata kawai, in rezo ya yanke wani lokaci sayayya ɗaya takan shiga sau biyu. (Daga Marwa)

Amsa: Ƙanenmu, matsala biyu gare ka, kuma wadda ba ka ambata ba ta fi girma. Ɗauki fayil ɗin APK naka ka buɗe shi da jadx, kyauta ne, ka nemi kalmar password. Za ka ga sunan saba da kalmar sirrin a fili. Duk wanda aka tura wa manhajar ta Xender ko Bluetooth yana riƙe da mabuɗin rumbun dillalin, yana iya ƙara wa kansa buhu ɗari ko ya share bashin wani. Rikita lambobi da R8 ba ya ɓoye kalmar, sunayen ayyuka kawai yake sauyawa.

Waya ba ta magana da rumbu. Ka rubuta ƙaramin API, wato manhajar da ke kan saba tana karɓar buƙatun waya, ya tsaya a tsakani, da PHP ko Node ko Python, duk wanda ka fi iyawa. Shi kaɗai ya san kalmar sirrin rumbun, a fayil ɗin da ke kan saba, kuma asusun da yake amfani da shi SELECT da INSERT kawai aka ba shi a kan teburan da yake buƙata, ba root ba. MySQL ya saurari 127.0.0.1 kaɗai, ƙofar 3306 a rufe. Kowane yaro da asusunsa. In ya shiga a ba shi tikiti mai ɗan gajeren rai, kamar minti 15, da wani na sabuntawa mai kwana 30 da aka ɗaure da wayarsa, a adana shi ƙarƙashin Android Keystore. Waya ta ɓace a kasuwar Mora, ka soke tikitinta kaɗai. Duk tambayar da API zai yi wa rumbu ta kasance shiryayya mai gurbi, kada ka manna abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin SQL.

Yanzu shiga biyun. Ga abin da ke faruwa: waya ta aika, saba ta karɓa ta rubuta, amsar "na karɓa" ce ta ɓace a hanya, waya ta ɗauka bai je ba ta sake aikawa. Ba za ka iya hana sake aikawa ba, ba ka ma so ka hana. Abin yi shi ne wayar ta ƙirƙiri lambar UUID, wato doguwar lamba da ba ta maimaituwa, tun lokacin da yaron ya danna "adana", ta rubuta sayayyar da lambar a SQLite, ƙaramin rumbun cikin waya, ta riƙa aika wannan lambar duk sanda ta sake gwadawa. A rumbu ka sa wa ginshiƙin lambar UNIQUE. In ta zo karo na biyu, API ya amsa da "na karɓa" ba tare da ya ƙara layi ba. Aikawar ka bar wa WorkManager, shi ya san jiran rezo da tsawaita tazara bayan kowace gazawa. Aika layi 50 a ƙunshi ɗaya, ba na mako guda gaba ɗaya ba, don layin 2G ya fi iya kammala ƙaramin ƙunshi kafin ya yanke. SQLite ɗin kuma ka rufe shi da SQLCipher tunda akwai sunayen manoma da kuɗinsu a ciki.

Wani tarko na jiranka. Wayoyin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su san tushen hukumar ba da shaida ta Let's Encrypt mai suna ISRG Root X1 ba, kuma dabarar da ke rufa musu asiri ta ƙare a 2024. Irin waɗannan wayoyi suna nan a hannun mutane a karkara. Za su ƙi HTTPS ɗinka, za ka kuma ci karo da masu ba da shawarar ka kunna usesCleartextTraffic ko ka rubuta TrustManager mai amincewa da kowa. Kada ka yi ko ɗaya. Saka tushen a cikin manhajar ka nuna wa OkHttp shi.

Tambaya: Shagonmu na intanet yana karɓar kuɗi ta waya. Idan saƙon biya ya iso adireshinmu sai mu saki kaya. Akwai ranar da muka saki kaya, daga baya muka duba babu kuɗin. (Daga Kusuri)

Amsa: Malam, adireshin da ke karɓar wannan saƙo a buɗe yake ga duniya, duk wanda ya gano shi yana iya aiko da saƙo mai kama da na gaske. Ka ɗauki saƙon a matsayin sallama kawai, ba rasit ba. Da ya iso, sabarka ta juya da kanta ta tambayi kamfanin. A API na MTN MoMo, misali, kai ne ke ƙirƙirar UUID ka sa a X-Reference-Id lokacin neman biya, da ita kuma za ka nemi matsayin cinikin a amsa maka PENDING ko SUCCESSFUL ko FAILED. Kada ka tsaya a kalmar SUCCESSFUL. Gwada adadin kuɗin da abin da ke kan odar a rumbunka, ka duba cewa kuɗin XAF ne, ka tabbata ba a taɓa sakin kaya da wannan lambar ba. Farashi daga rumbunka zai fito, ba daga abin da wayar mai saye ta aiko ba. Ka ajiye sefa a matsayin cikakkiyar lamba, babu ɗigo.

Inda kamfanin da ke karɓar muku kuɗin ke sa wa saƙonsa hannu da HMAC-SHA256, lissafa naka a kan ɗanyen saƙon kafin a fassara JSON, ka gwada su da hash_equals ko hmac.compare_digest. Akasin matsalarka ma na faruwa: an biya, saƙon bai iso ba don sabarku ba ta kan layi a lokacin. Sa wani aiki ya riƙa bin cinikin da ke PENDING duk minti biyu har ya samu matsaya.

Tambaya: Muna cikin bututu kamar yadda ake so, amma da rana PostgreSQL yakan ce haɗi ya yi yawa, ko teburin kaya ya kulle ba mai iya sayarwa sai mun sake kunna saba. Ma'aikatanmu ba su kai ashirin ba. In ɗaga max_connections zuwa 1000? (Daga Mundu)

Amsa: A'a, Malam, za ka cinye ƙwaƙwalwar saba ne kawai. Iyakar asali 100 ce, kuma matattun haɗi ne suka cika ta. In rezo ya yanke, wayar ko kwamfutar reshe ba ta samu ta yi sallama ba, saba kuwa tana nan tana jira. Linux ba ya fara tambayar ko ɗaya gefen na da rai sai bayan daƙiƙa 7200, awa biyu cur. In yankewar ta zo a tsakiyar ciniki, makullin da ke kan layukan teburin yana nan riƙe har tsawon wannan lokaci. Duba pg_stat_activity, za ka ga jerin masu matsayin idle in transaction; pg_terminate_backend zai kore su ba sai ka kashe saba ba.

Don kada ya dawo, sa tcp_keepalives_idle = 60, tcp_keepalives_interval = 10, tcp_keepalives_count = 6, a gano matacce cikin kamar minti biyu. Ƙara idle_in_transaction_session_timeout na minti 5. Kafin ka rage shi ƙasa da haka, bincika ko manhajarku tana buɗe ciniki ta bar shi buɗe yayin da mai kanta ke ƙirga canji. In haka ne, manhajar ce ke son gyara. PgBouncer, manhajar da ke raba 'yan haɗi kaɗan ga masu amfani da yawa, mai sauraro a 6432, yana taimakawa in haɗin na gaske ne suka yi yawa, amma a tsarin transaction abubuwa irin LISTEN da teburan wucin gadi da SET na zama guda ba sa aiki yadda aka saba. Gwada shi a gefe tukuna.

Tambaya: Na tura fayil ɗin .env, mai ɗauke da mabuɗai da kalmomin sirrin manhajata, zuwa GitHub, shafin ajiye lambobin manhaja, bisa kuskure, na goge shi bayan awa ɗaya. Shi ke nan? (Daga Yagwa)

Amsa: Ba shi ke nan ba, ɗan'uwa. Yana nan a tarihin git, kuma in ma'ajiyar a fili take, akwai na'urorin da ke tsintar mabuɗai cikin mintuna. Soke kowane mabuɗi da kalmar sirri da ke cikin fayil ɗin ka yi sababbi, wannan ne farko. Sannan ka duba rajistar saba da lissafin kuɗin asusun ko an yi amfani da su. Share tarihi da git filter-repo na biye, amma ba ya maye gurbin sokewa. Sa .env a .gitignore, ka ɗora gitleaks ya riƙa bincike kafin kowane commit.

Tambaya: Mun ɗauki wani ƙwararre a Duwala zai gyara mana rahotanni na mako biyu. Ya ce a buɗe masa RDP, wato hanyar sarrafa allon saba daga nesa, a ba shi kalmar sirrin babban asusu. A rumbun akwai sunaye da lambobin wayar abokan cinikinmu. Yaya zan yi ban ɓata masa rai ba? (Wata 'yar kasuwa daga Garwa)

Amsa: Hajiya, ƙwararren gaske ba zai ji haushi ba. Ƙofar RDP, 3389, tana cikin waɗanda masu garkuwa da bayanai don neman fansa suka fi shiga ta cikinsu, ba a barinta ga intanet. Mai rubuta rahoto karatu yake buƙata, ba rubutu ba. A yi masa asusu na kansa mai SELECT kaɗai, a kan teburan da aikin ya shafa, a sa wa kalmar sirrinsa VALID UNTIL da ranar da aikin zai ƙare. Ya aiko da mabuɗinsa na fili, nau'in ed25519, a sa a authorized_keys da sharuɗɗan command="/bin/false",restrict,port-forwarding,permitopen="127.0.0.1:5432" a gabansa. Da umarnin ssh -N -L 5433:127.0.0.1:5432 zai isa rumbun kawai, ba zai samu allon ba da umarni ba. A sshd_config kuma PasswordAuthentication ya zama no. In rahoton jimillar ciniki ne, ba ya ma buƙatar sunaye. A yi masa view da aka cire ginshiƙin suna da na waya.

Akwai kuma doka. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane mai lamba 2024/017 a ranar 23 ga Disamba 2024, ban da dokar tsaron intanet ta 2010 da hukumar ANTIC ke aiki da ita. Chadi tana da tata, mai lamba 007/PR/2015, ƙarƙashin kulawar ANSICE. Nauyin bayanan abokan ciniki yana kan kamfaninki ko da wani kika ba aikin. Ku rubuta yarjejeniya mai faɗin abin da zai gani, da cewa ba zai kwafi rumbun zuwa kwamfutarsa ba. Kunna log_connections don a san yaushe ya shiga, ranar da ya miƙa aiki kuma a goge layin mabuɗinsa a rufe asusun da ALTER ROLE da NOLOGIN.